Bronia da Haɗin Mangwaronta na Juma'a

Bronia Pappalardo maƙwabciyata ce. Shingen waya kawai ya raba bayan gidana da nata, a layinmu na ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare gonakin rake suka fara. Garin namu ƙarami ne, kudu da Innisfail, kuma ba wanda zai kwatanta maka gidanta da lamba. Ce maka za a yi ka nemi bishiyar mangwaron da ta ninka gida tsawo, wadda jemagu ke hana mutane barci a kanta duk watan Disamba.

Ba a nan aka haife ta ba. A sansanin 'yan gudun hijira ta zo duniya, can Jamus, bayan yaƙin duniya na biyu ya lafa. Iyayenta 'yan Poland ne, suka hawo jirgin ruwa da ita tana rarrafe, aka turo uban saran rake da adda a wannan zafin namu. Ba ta cika maganarsa ba. Sau ɗaya muna shanya ta ce mini, "Glenys, babana mutum biyu ne. Na tsakiyar mako shi ke gyara mini takalmi yana mini waƙa. Na ranar Asabar kuwa, ni da Mama ɗakin kaji muke gudu." Bodka, barasar ƙasarsu, yake sha zallanta, shi kaɗai, fuskarsa na kallon bango.

Uwar ma tana da tata kwalbar, amma nata sha'anin daban ne. Da ita take shafe ƙirjin yaro mai tari, da ita take kashe ciwon haƙori. Takan kuma jiƙa 'ya'yan itace a ciki ta ajiye har Kirsimeti, ta zuba wa baƙi ɗan kaɗan, abin da bai fi cikin murfin kwalba ba. Daga nan Bronia ta ɗauki ƙa'idar da ta riƙe har tsufa: ba ta zuba wa kanta sai ta zuba wa wani.

Ta yi aikin ɗaure ayaba a rumfar wata gona tun tana budurwa, daga baya ta koma girki a gidan kula da tsofaffi. Ta auri Carmelo, ɗan wasu manoma rake 'yan asalin tsibirin Sisili, mutum mai sanyin hali wanda kalmominsa na yini guda ba su cika tafin hannu ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Teresa, wadda ta girma ta tafi Brisbane. Wata safiya Carmelo ya fita duba famfon ban ruwa, zuciyarsa ta tsaya a bakin kwari, aka tarar da shi zaune ya jingina da tayar tarakta kamar mai hutawa.

Bayan an yi jana'iza an watse, gidan ya yi tsit. Wata Juma'a da la'asar ina kwashe kaya daga igiya sai na ji ta daga bayan shinge.

"Glenys, kina da aiki?"

"Wanki ne kawai."

"Wanki ba ya gudu. Zo ki taya ni shan wannan. Ɗazu na kama kaina ina yi wa rediyo musu, kuma shi ya ci."

Haka Juma'ar Bronia ta samo asali. Mako na gaba Des Halloran ya biyo ni, tsohon direban jirgin ɗaukar rake, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da kare da talabijin. Daga baya wasu suka riƙa leƙowa, amma mu na dindindin mu huɗu ne, ta huɗunmu kuwa Noelene Tuckey ce, maƙwabciyar Bronia ta ɗaya ɓangaren.

Noelene doguwa ce busasshiya, ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya, kuma bakinta reza ne. Rigimarta da Bronia ta girmi 'ya'yansu. Reshen mangwaron nan ya rufa kan kwanon gidanta, duk shekara 'ya'yan na faɗowa kamar ana jifa, jemagu na ɓata mata shanya. Ta sha rantsuwa sai ta sa an sare shi. Duk da haka kowace Juma'a sai ga ta da lemun tsami cike da siket daga bishiyarta, ta zube shi a kan tebur ta ce, "Ungo, don kada ki kashe mu da zaƙi."

Ni dai ban taɓa gajiya da kallon Bronia tana haɗin nan ba. Lokacin mangwaro takan yi kwana da kwanaki tana fera, tana yanka tsokar tana cusawa a robobin ayis-kirim, har babbar firizarta ta wanki ta cika maƙil. Ranar Juma'a sai ta fito da roba ɗaya, ta juye a injin markaɗe da yankan abarba, ta goga ɗanyar citta kaɗan, ta matse lemun tsami da hannu tana tare 'ya'yan da yatsu. Ganyen na'a-na'a ba ta yanka shi, tafa shi take yi tsakanin tafukanta sau ɗaya, ta jefa. Bodkar a firiza take kwana, ta yi kauri kamar mai. Ba ta awo da komai, ido ne da hannu. Ruwan soda shi ne na ƙarshe, a bisa ƙanƙara, ta juya a hankali don kada kumfar ta mutu. Sannan ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ƙara wani abu ko ta bari.

Kofi biyu kowa ke samu, na uku babu bodka a ciki. "Mai neman buguwa ga hanyar mashaya can," in ji ta. Des kuwa likita ya raba shi da barasa tun tuni, don haka nasa jog ɗin daban ne, kuma ba ta taɓa yi masa na raini ba, da kulawa ɗaya take haɗa su.

Noelene takan kurɓa, ta taɓe baki.

"Citta ta yi yawa."

"Harshenki ne ya yi yawa, tsohuwar banza."

"Wa kike kira tsohuwa? Kin girme ni da wata bakwai, kowa ya sani."

"To ajiye kofin mana."

"Na ajiye don wa ya sha? Des? Ƙaro mini ƙanƙara."

Mun yi shekaru a haka. A barandar nan aka yi wa Des addu'ar aikin ido, a nan na yi kukan rabuwar ɗana da matarsa, a nan muka yi ta zagin farashin sukari da masu mulki.

Sai wani abu ya fito wa Bronia a gindin harshe. Ta yi ta cewa ƙurji ne, har Teresa ta hawo jirgi ta zo ta tasa ta gaba zuwa asibitin Cairns. Ciwon daji ne. Aka yi mata aiki, aka yi makonni ana gasa wurin da hasken na'ura. Ta dawo ta rame, muryarta ta dushe, kullum da gorar ruwa a hannu saboda yawunta ya ƙafe. Likitoci suka ce an ci ƙarfin cutar. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne ɗanɗano ya tafi gaba ɗaya. Komai ta sa a baki, da nama da mangwaro da shayi, kamar ta tauna jiƙaƙƙen kwali.

Da ta ɗan ji ƙarfi ta ce a dawo da Juma'a. Lokacin Noelene tana can garin Darwin wurin ɗanta, surukarta ta haihu ta je wanka. Bronia ta haɗa kamar kullum, ta ɗanɗana, ta ƙara sukari. Ta sake ɗanɗanawa, ta ƙara lemun tsami, ta ƙara sukari kuma, ta ƙara citta. Tana neman abin da ba zai zo ba. Da aka miƙo mana, abin ya yi kauri kamar maganin tari, ga yaji yana ƙona maƙoshi.

Des ya dube ni, na dube shi. Ga mace tsaye da ƙyar, ta ɗaura ɗankwali a wuya don rufe tabon aiki, tana jiran mu yi magana.

"Kai, Bronia, hannunki na nan yadda yake," in ji Des.

Muka shanye abin da za mu iya, sauran kuwa tukunyar fulawar da ke gefen matakala ce ta sha. Haka muka yi ta yi kusan wata biyu, kullum abin na ƙara lalacewa.

Sai Noelene ta dawo. Ta zo da lemunta, ta zauna a kujerarta, ta dubi Bronia sama da ƙasa ta ce, "Kin zama kamar tsintsiya." Ta ɗauki kofi ta yi kurɓa guda, ta miƙe ta tofar da shi ta kan baranda.

"Wayyo ni! Me na yi miki? Wannan ai ko tururuwa sai ta kai ƙara."

"Noelene," in ji Des a hankali.

"Kar ka Noelene ɗina. Kai kana shan wannan? Glenys, ke ma?"

Des ya sunkuyar da kai. Bronia ba ta dubi Noelene ba, mu ta duba, ni da Des, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi tukunyar fulawar nan da ganyenta ya yi rawaya ya langaɓe.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Bronia, ba mu so ne mu…"

"Na zama abin tausayi ke nan. A gidana, a barandata." Ta tattara kofunan a faranti. "Ku je gida. Na gode."

Ta rufe Juma'a daga ranar. Idan na gaishe ta ta shinge takan amsa, amma a taƙaice. Na kai mata miya, ta karɓa ta dawo da kwanon a wanke. Mangwaro ya nuna a shekarar, ta fere ta cika firiza don ta saba, ba don tana da abin yi da shi ba. Teresa ta yi ta waya tana cewa, "Mama, ki sayar da gidan ki dawo wurina." Na fara jin kamar za ta yarda.

A watan Fabrairu guguwar teku ta faɗo mana. Kowa a nan ya san yadda ake yi: ka ɗaure abin ɗaurewa, ka cika bahon wanka da ruwa, ka shige ɗaki mafi ƙanƙanta ka jira. Da gari ya waye ba ganye ko ɗaya a kan bishiya, rake ya kwanta, gonakin ayaba sun zama fili. Gidana ya tsira da fashewar tagogi. Gidan Bronia na bulo ne, ko gezau. Na Noelene kuwa, tsohon gidan katako mai dogayen ƙafafu, rufinsa ya tashi gaba ɗaya, muka hango kwanon ya naɗe a jikin turken lantarki.

Muka same ta zaune a matakala, jiƙe sharkaf, rungume da kyanwarta. Bronia ta ratso ta kan rassan da suka zube, ta tsaya a gabanta.

"Tashi."

"Ina zan je?"

"Ɗakin Teresa babu kowa. Amma kyanwar nan ba za ta hau mini gado ba."

Noelene ta ɗago kai ta dubi bishiyar mangwaron, wadda ta rasa rabin rassanta amma tana nan tsaye. "Dubi shegiyar," ta ce. "Gidana ya tafi, ita tana nan."

Wuta ta ɗauke, aka ce sai an yi makonni. Zafi ya dawo da ƙarfinsa, ga sauro, ga warin ruɓaɓɓen ganye. A layinmu akwai masu aikin sa kai da ke sare itatuwan da suka tare hanya, tare da wasu samari 'yan tsibiran Vanuatu masu aikin ayaba, waɗanda gonarsu ta kwanta suka rasa abin yi, suka zo da addunansu suna taya mu ba tare da an roƙe su ba. Ruwan gora mai ɗumi kawai suke sha.

Ana cikin haka na ji hayaniya a bayan gidan Bronia, na leƙa. Ta jawo baro ta fara loda robobin mangwaron da suka soma narkewa, za ta kai rami. Noelene ta tsaya a gaban baron, hannu a ƙugu.

"Wallahi ba ki isa ba. Shekara nawa abin nan yana faɗo mini a ka, yau da zai yi amfani za ki zubar?"

"Me zan yi da shi? Ba wuta, ba inji, ba baki."

"Rariya ta mutu ne? Baki kuma ga nawa, ai kin ce ya yi yawa."

Bronia ta saki baron. Can ta ce, "Za ki faɗi gaskiya?"

"Na taɓa faɗa miki wani abu daban?"

Des ya tafi da motarsa bakin tashar masunta, inda suke da janareta, ya dawo da buhunan ƙanƙara. Ni na tsinto lemun tsami a cikin laka ƙarƙashin bishiyar Noelene na wanke. Bronia ta kafa babbar tukunyar da take dafa miyar tumatir, ta ɗora rariya, tana murza mangwaron da bayan ludayi. Abarba babu, sai ta gwangwani. Na'a-na'a iska ta share, citta kawai ta rage a ƙasa, ta tono. Noelene ta zauna a kan kujera kamar alƙali, kofi a hannu.

"Salam. Ba komai a ciki."

Bronia ta matsa lemu.

"Ƙara."

Ta ƙara.

"Kin zarce! Haƙorana sun mutu."

"Ke kika ce in ƙara!"

"Na ce ki ƙara, ban ce ki juye gonar ba. Sa ruwan abarbar nan."

Suka yi ta yi. Na lura Bronia ta daina sauraron maganar, fuskar Noelene take kallo. Tana duba kaurin abin a jikin ludayi, tana shinshinawa, don hancinta bai mutu ba. Daga ƙarshe Noelene ta kurɓa, ta ɗan yamutsa gefen baki.

"Ba laifi."

"To ya yi," in ji Bronia. "Shekara ashirin ban taɓa samun fiye da haka a wurinta ba."

Aka fitar da tukunyar bakin titi. Na rana babu bodka a ciki, don masu riƙe da zarto da adda. Samarin nan suka yi layi da kofunan roba, babbansu, wani mai suna Kalo, ya shanye nasa a tsaye ya ce, "Mama, a ƙara ko a bari?" Bronia ta cika masa tana dariya, dariyar farko da na ji daga bakinta tun dawowarta daga asibiti. Da rana ta yi sanyi aka ajiye kayan aiki, ta fito da kwalbar, ta yi ɗumi amma ba wanda ya damu, ta haɗa wa masu so a jog, Noelene na gefe tana gyara mata. Har firizar ta ƙare, kullum haka aka yi.

Kafin in tafi gida ranar farko, Bronia ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. "Ke da Des sakarkaru ne," ta ce, "amma na san dalili. Juma'a ki zo da kujera, guda biyu sun karye."

Gyaran gidan Noelene ya ja lokaci, magina sun yi ƙaranci a duk yankin. Ta kusa shekara a ɗakin Teresa. Suka yi faɗa a kan kyanwa, a kan tashar rediyo, a kan yadda ake ninke tawul. Noelene ce ke ɗanɗana miya, ita ke cewa madara ta lalace, ita ke tsare Bronia sai ta cinye abin da ke farantinta ko da kwali take ji. Bronia ta yi ƙiba. Maganar Brisbane ta mutu. Ko da aka gama rufin Noelene ta koma gidanta, kullum da hantsi sai ta ratso ta ƙofar baya, wai kada matar nan ta kashe kanta da gishiri.

Wata safiya, bayan an shekara biyu ko fiye, ina ban ruwa na hango Bronia a gindin bishiyarta. Ta tsinko ɗanyen mangwaro ta gatsa, sai ta runtse ido ta tofar, ta tsaya tana kallonsa. Ta sake gatsa. Da ta juyo muka haɗa ido, hawaye na zuba a fuskarta.

"Tsami, Glenys," ta ce. "Tsami ne da shi kamar tsiya."

Ashe ya fi wata yana dawowa kaɗan-kaɗan. Gishiri ya fara, sai tsami. Zaƙi bai dawo sosai ba har yau, tana jinsa ne kamar muryar mutum daga ɗaki na uku. Na ce bari in kira Noelene. Ta cafke ni ta cikin shinge.

"Kar ki kuskura."

"Don me?"

"Ɗanta yana ta matsa mata ta koma Darwin. Ta ce masa ba za ta iya barina ba, wai ba ni da harshe. In ta ji ya dawo, da wace hujja za ta zauna? Kin san ta, ba za ta taɓa cewa don tana so ba ne."

Na yi shiru da bakina. Juma'a ta zo, Bronia ta haɗa, ta miƙa wa Noelene, ta tsaya tana jiran hukunci kamar yadda suka saba.

Bayan wasu makonni na ɗauki Noelene a mota zuwa Innisfail, za ta ga likitan ƙafa. Muna cikin tafiya, tana kallon rake ta taga, ta ce, "Ke ma kin sani, ko?"

"Na san me?"

"Kar ki raina mini hankali. Na ga tana zaɓar zaitun tana barin wasu, sai na zuba mata gishiri cokali guda a shayi. Ta shanye shi tas, ido na ruwa, tana ce mini ba ta jin komai. Maƙaryaciyar banza."

"To me za ki yi?"

"Me zan yi kuwa? In ta san na sani, kunya za ta hana ta kirana." Ta gyara jakarta a cinya. "Ke dai ki ja bakinki. Kuma ki rage gudu, ba gobara za mu kashe ba."

Des ya rasu bara, a cikin barcinsa, karensa yana wurina yanzu. Kalo yakan dawo duk lokacin aikin ayaba, yakan zo ya share wa tsofaffin biyu magudanar rufi, ya zauna a kujerar Des ya sha daga jog ɗin da babu bodka, don shi ɗan coci ne na gaske. Bronia ta kusa tamanin, hannunta ba ya iya matse lemu, ni ke matse mata. Ɗan Noelene ya gaji ya daina maganar Darwin. Har yau ba wadda ta ce wa 'yar uwarta komai.